Marayan da Kawu Ya Raina

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, layinmu na Sabon Gari ya ga motocin da bai taɓa gani ba. Sai da 'yan kabu-kabu suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci don an toshe hanya. Ina bakin zaure ina miƙa ruwan sha waje, sai wani mai babbar riga ya sauke gilashin mota ya ce, "Nan ne gidan su ɗan wasan nan?" Bai ce gidan mamaci ba. Sunan mamacin ma bai sani ba, don na ji yana ce wa direbansa ya tuna masa kafin ya sauko.

Suka cika rumfa da ƙamshin turare. Wani kansila, wanda Kawu ya taɓa kora daga fili yana ɗalibi saboda lalaci, ya ɗaga murya yadda har mata na ciki za su ji, ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. Mutum mai fara'a, mai son jama'a." Ni da mahaifiyata muka dubi juna. Kawu yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidansa na yi rabin ƙuruciyata. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi gaskiya, ya ba shi ƙarfin hali, amma fara'a ba ta cikin rabonsa. Duk wanda ya ce ya ga haƙoran Kawu, to a wajen asuwaki ya gan su.

Masu kukan gaskiya ba su yi jawabi ba. Tsofaffin matan dangi da suka zo daga Tibiri sun zauna kewaye da matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, suna share hawaye da bakin mayafi. Manoman Jiratawa, maƙwabtan gonarsa, sun jingine kekunansu suka tsuguna can gefe, don masu manyan riguna sun cinye tabarmi. Wani tsoho a cikinsu ya ce mini da zai tafi, "Ɗiyata, ba wanda ya taɓa zagi na kamar mutumen ga. Kuma ban san wa zan gaida gobe in na shiga fadama ba."

Ina rubuta wannan ne saboda na ga ana shirin ba da labarin Kawu a bakin waɗanda ba su san shi ba, kuma na san irin labarin da suke iya ƙerawa.

Mushen wasanni ne, wato malamin motsa jiki, a kolej har ya aje aiki. A samartakarsa ya buga basket, lokacin da mutanen Maraɗi ke tsayawa kallo suna mamakin ƙartin da ke jefa ƙwallo cikin zobe. Ko da ya tsufa sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Tsaki shi ne rabin maganarsa. Yana da na gaisuwar da aka yi masa a tsaye, yana da na miyar da gishiri ya yi wa yawa, yana da wani dogo da yake ajiye wa 'yan siyasa. Idan ka yi abu bai yi ba, ba ya faɗa maka inda ka kuskure, sai ya ce, "Sake." Shara ce, alwala ce, jifan ƙwallo ne, "Sake." Idan ka yi daidai kuwa sai ya kau da kai ya yi shiru. Mun girma muna farautar wannan shirun kamar kyauta.

Allah bai ba su haihuwa ba shi da Inna. Da ƙanensa direba ya rasu a hatsarin mota a hanyar Najeriya, matar kuma ta bi shi ba da jimawa ba, Kawu ya je Tibiri ya ɗauko yaron da suka bari, ko tafiya bai gama ƙwarewa ba. Wannan yaro shi ne taubashina, abokin wasana na dangi. Inna ta goya shi har ƙafafunsa suna dukan cinyoyinta, mata na yi mata dariya suna cewa ta sauke wannan ƙato. Da ya yi ƙyanda ita ta yi jinya. Bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma ina da bakin faɗa, don kwano ɗaya muka ci, kuma kullum shi ke cinye naman.

Kawu ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa zoben ƙarfe, ya kafa a jikin gungume kusa da iccen bedi na bayan gida. Nan taubashina ya koyi duk abin da ya iya. Kullum bayan la'asar za ka ji dukan ƙwallo a ƙasa da muryar Kawu, "Sake. Sake." Da ƙafarsa ta fi ƙarfin duk takalman kasuwar Maraɗi, Kawu da kansa ya tsallaka har Katsina yana bin 'yan gwanjo rumfa-rumfa da zaren da ya auna tafin ƙafar, ya dawo da takalman ya jefa masa a gaba ya ce, "Ga su nan, ƙafa kamar ta raƙumi." Ni ma ya koya mini. Da wasu dattawan layi suka zo suka ce bai dace ɗiya mace tana tsalle a gaban mutane ba, ya dube su daga sama har ƙasa ya ce, "Ku da ba ku iya tsallake kwata sai an riƙe ku, mi kuka sani game da tsalle?" Ba su sake zuwa ba.

Taubashina ya yi tsawo har ya wuce Kawu. Wani kulob na babban birni ya ɗauke shi, daga baya kulob ɗin ya samu shiga babbar gasar ƙungiyoyin Afirka, wadda ake nunawa a tele har ƙasashen Turawa. Garin nan ya ɗauka. Mutanen da ba su san ko da hannu ake buga basket ko da ka ba suka zama masana. A kowace fada ta samari ana shan shayi ana cewa ɗanmu, ɗanmu.

Ranar wasansu na farko, lokacin zafi ne sosai, Kawu ya sa aka fito da ƙaramar telensa tsakar gida aka ɗora bisa turmi. Ya yi wanka ya sa farin kaftaninsa na Juma'a. Ya ce wai don zafi ne, fari ya fi sanyi. Maƙwabta suka cika gidan, maza a gaba, mata a baya wajen murhu. Inna ta dama fura ta raba wa kowa. Da aka nuno fuskar taubashina gida ya kaure da guɗa. Kawu ya yi tsaki ya ce a yi wa mutane shiru, amma na ga yadda ya matso da kujerarsa.

Da aka je hutun rabin lokaci, sai tashar ta sa wani ɗan fim a kan taubashina. Aka nuna shi yana tafiya a hankali a wani lungu mai bola, wanda ko a Maraɗi ba ya nan, ana kiɗa mai ban tausayi. Sai ya fara magana da Faransanci, yana kallon ƙasa. Ya ce bai san uwa ba, bai san uba ba. Ya ce titi ne ya raine shi, a gaban shaguna yake kwana. Ya ce da ƙwallon tsumma da fasasshen bokiti ya koya wa kansa wasa, ba wanda ya taɓa nuna masa komai, ba wanda ya taɓa yarda da shi sai shi kansa.

Waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, suka sunkuyar da kai. Inna ba ta jin Faransanci. Tana tsaye da ludayi a hannu, bakinta har kunne, tana cewa, "Mi ya ce? Ya gaishe mu? Ku gaya mini mana, mi yaron ga ke cewa?"

Ni na buɗe baki zan yi mata ƙarya, sai Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya juya ya fuskance ta, ya fassara mata da muryarsa ta aji, kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Har bokitin bai bari ba. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To." Ta aje ludayin cikin ƙwarya, ta ce bari ta duba tukunya. Babu komai bisa murhun.

Mutane suka fara neman takalmansu. Kawu ya ce, "Ina za ku? Ba kallo kuka zo ba? A ƙara murya, an dawo."

Kashegari taubashina ya kira a wayata, don ya san Kawu ba zai ɗauka ba. Na miƙa wa Kawu, na kuma tsaya ina ji. Ya ce, "Baba, don Allah ka gane. Su suka tsara abin. Haka masu kallo na waje suke so, kowa da irin labarin da ake ba shi. Ba da zuciya ɗaya na faɗa ba."

Kawu ya ce, "Da baki nawa ka faɗa?"

"Baba, wannan zai buɗe mini ƙofa. In na samu, ai ku ne kuka samu."

"Mu wa? Kai da ba ka da kowa?" Ya miƙo mini wayar kamar wanda ya taɓa ƙazanta, ya ce, "Amshi abinki. Wani maraya ne ya yi kuskuren lamba."

Bayan 'yan kwanaki sai ga wata ƙatuwar tele a kwali, an turo daga babban birni. Mahaifiyata tana gidan. Kawu ko buɗewa bai bari an yi ba, ya ce wanda ya kawo ya mai da. Nan suka yi faɗan da ban taɓa ganin sun yi ba. Mahaifiyata ta ce, "Yaya, girman kan nan naka ya isa. Yaro ya yi wauta, ya aiko da ban haƙuri. Kai ma ka taɓa ce masa ya yi daidai ko sau ɗaya? Kullum sake, kullum tsaki. Wa ya sani ko a ransa maraicin yake ji?"

Na zaci maganar ta shige Kawu. Sai ya nuna ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Ni na yi mashi tsaki. Waccan fa? Mi ta yi mashi?" Mahaifiyata ta ja mayafinta ta fita, ta yi wata guda ba ta taka gidan ba. Har yau ina ganin akwai gaskiya a bakinta. Amma gaskiyar ba ta kai ta goge goyon Inna ba.

Abin da ya fi ba ni ƙyama a wannan kakar wasa ba taubashina ba ne, mutanen garinmu ne. Duk layin nan sun san gidan da ya tashi. Sun sha furar Inna. Amma da fim ɗin ya zagaya wayoyi, sai ga mutane sun fara tuna abin da bai faru ba. Mai shagon bakin titi ya rantse cewa a gaban shagonsa yaron yake kwana, shi ke ba shi burodi da safe. Wata mai ƙosai ta ce ita ta ba shi tsumman da ya yi ƙwallon. Kansilan nan ya faɗa a rediyo cewa shi ya fara hango baiwar yaron yana yawo ba takalmi. Kowa ya samu gurbi a cikin maraicin, kowa ya zama mai taimako. Mutum biyu kaɗai labarin bai da wurin sa su, su ne waɗanda suka yi aikin.

Kawu bai bar kallo ba. Duk ranar wasa zai fito da 'yar telensa, in an ɗauke wuta ya sa a jona da batirin famfon gonarsa. Sai dai ya daina sa farin kaftani, kuma bai ƙara kiran taubashina da suna ba, sai "marayan". Yana zaune yana zuba raini kamar mai raba zakka. 'Yan wasan da aka ɗauko haya daga ƙetare ya ce 'yan ci-rani ne, ko sunan garin da suke bugawa ba su iya faɗa ba. Mai horar da su ya ce kwat ɗinsa ta fi shi sanin aiki. Masu sharhi ya ce an biya su ne su yi ihu. Masu rawa da fitilu na tsakiyar wasa ya ce biki ake yi, basket ɗin ne ɗan rakiya. Idan taubashina ya zubar da ƙwallo sai ya ce, "Dubi marayan, bokitin bai koya mashi wannan ba." Idan kuwa ya jefa ta shiga, sai Kawu ya kau da kai ya yi shiru. Ina ganinsa. Ban taɓa nuna masa na gani ba.

Inna ba ta ƙara zama gaban tele ba. Amma takan sami abin tsincewa a bakin ƙofar ɗakinta, daidai inda sauti ke kaiwa.

Ana tsakiyar gasar wani ɗan jarida ya biyo Kawu har Jiratawa. Ranar na kai masa abinci, yana tsaye cikin zogalensa yana gyara hanyar ruwa. Wani ne ya tsegunta wa ɗan jaridar gaskiya, ya zo da murnarsa da na'urar ɗaukar murya. Ya ce, "Mushe, an ce kai ka raine shi tun yana ƙarami, kai ka koya mashi wasa. In ka tabbatar, gobe duniya duk za ta san ƙarya ya yi. Kulob ɗin ma sai sun kore shi."

Na ji daɗi a raina, na ce yau Allah ya kawo ranar. Kawu ya dogara da hauyarsa ya ce, "Yaron ya ce ubansa ya mutu. Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu, amma..."

"Uwarsa fa?"

"Ita ma, amma Mushe..."

"To mi kake nema a gonata? Kana taka mini shuka da wannan takalmin naka mai tsini. Fita ta inda ka shigo."

Da mutumin ya tafi na ce, "Kawu, don mi? Ai da ka bari an tona shi." Ya harare ni ya ce, "In ci mutuncin ɗan ƙanena a bakin wancan? Abin da ke tsakanina da shi nawa ne. Zuba mini abinci."

Ƙungiyarsu ba ta kai ƙarshe ba, an fitar da su kafin wasan kofi. Kawu ya kashe tele ya ce dama haka ya zata. Amma labarin bokiti ya yi aikinsa, wani kulob na ƙetare ya ɗauki taubashina. Aka yi ta murna a gari, har da masu zagaye da babura.

Farkon damina Kawu ya faɗi a gona. Manoma suka ɗauko shi a amalanke zuwa bakin hanya, aka kai shi likita. Ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, amma bakin bai mutu ba, don har ma'aikatan jinya sai da ya ce wa ɗaya ta sake ɗaurin da ta yi. Na sanar da taubashina tun ranar farko. Ya ce suna sansanin horo, in ya fita zai rasa gurbinsa, amma yana nan tafe. Ya turo saƙon murya mai tsawo. Na kai wa Kawu kusa da kunne, ya juyar da kai bango. Mahaifiyata ta dawo ta zauna gefensa har ƙarshe, suna ta gardama a kan ko an rufe taga ko a buɗe. Kawu ya cika da hantsi, ranar wata Laraba, Inna tana riƙe da ƙafarsa.

Taubashina ya iso ranar sadakar uku. Bai zo shi kaɗai ba, ya zo da wani mai kyamara da wata mata mai riƙe da abin ɗaukar murya. Masu manyan riguna da suka gaji da jira suka miƙe ana ta hoto, wasu har suna murmushi a rumfar makoki. Matar ta same ni ta ce suna haɗa kashi na biyu na fim ɗin, a kan dattijon kirki da ya tsinci yaro a titi ya ba shi mafaka. Ta ce ko akwai tsohon hotonsa, kuma ko tsohuwar za ta yarda a ɗauke ta tana kuka, amma a tsakar gida, don ɗakin ba haske. Na dube ta. Na so in yi mata tsaki, sai na ga ba ni da tsakin da ya kai abin da ta faɗa.

Taubashina ya ce su jira a waje. Ya sunkuya ya shiga ɗakin Inna, na bi bayansa don ban yarda da shi ba. Ya durƙusa, duk tsawon nan ya naɗe a gaban tabarmarta. Yana kuka, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, kukan gaske ne.

Inna ta ce, "Ka zo? Ya hanya? An ba ka ruwa?"

Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni ai na goye ka. Ba ni da inda zan aje ka. Na yafe."

Ya share fuska da tafin hannu. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi. "Baba fa? Kafin ya cika, ya ce ya yafe mini?"

Ina tsaye ina roƙon Allah a raina kada ta tausaya masa ta ƙirƙiro abin da ba a faɗa ba. Inna ta gyara carbinta, ta dube shi ba fushi ba murmushi, ta ce, "Ban tambaye shi ba, ɗana. Na zaci kai za ka zo ka tambaya."

Ya zauna a wurin har aka kira azahar. Da ya fito, mai kyamara ya ɗaga abinsa, taubashina ya sa hannu ya rufe gilashin, ya wuce masallaci ba tare da ya dubi kowa ba. Ko fim ɗin zai fito ban sani ba, kuma ba zan kalla ba.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa kabari daidai tsawonsa. Ka yafe masa kaifin harshensa, don mu da ya yanka da shi mun yafe. Ka ba Inna haƙurin zama a gidan da ya yi shiru.